Ƙusa Uku a Baki

A Gadarif ni kafinta ne,
jikan waɗanda suka nufi Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan.
Gara ba ta tambayar addini:
ta ci ƙofar masallaci, ta ci kujerun coci,
ni kuwa duk inda ta ci, nan nake samun na tuwo.

Girgis mai kantin magani, Bakibɗe,
ya ce su gaba da gaba suke zama da Abuna,
wanda ya san ka tun kana rarrafe.
Ka faɗi naka, ya ɗora maka gicciye a ka.
Tiya, abokin ɗaukar katakona, ya yi dariya:
“Mu a cocinmu gaba ɗaya muke miƙewa,
mu furta da baki ɗaya, ba ɗan aike.”
Na ce ni da asuba nake nawa, goshi a tabarma.

Ranar Talata Fada ya kira ni gyaran ɗakin iƙirari.
Ɗan akurki ne, mutum ɗaya ya cika shi,
da taga mai huji-huji kamar rariya.
Na shiga, na ja ƙyaure in ga inda yake cijewa,
ƙusa uku a bakina.

Sai na ji gwiwa ta sauka a ɗaya gefen.
Ƙamshin riɗi, irin na masu wuni a gona.
Kafin in tofar da ƙusa ta fara:
ranar da suka gudo daga Madani
jarka ɗaya ta rage, ta ɓoye ta a zane,
ta ce wa uwar mijinta ruwa ya ƙare.
Tsohuwar ba ta iso ba.

Guduma ta yi min nauyi.
Na ce, “Baiwar Allah, ba Fada ba ne. Mai gyara ne.”
Shiru. Wani ƙuda ya bi huji ya ƙetara wajenta.
Ta ce, “Amma ka ji?”
Na ce na ji.
“To zauna. Kar ka fito in ga fuskarka.”

Na zauna har takunta ya ɓace.
Ba ni da kalmar da Fada ke faɗa,
ban kuma san ko ta dawo ta karɓa ba.

Ƙyauren yanzu yana rufuwa ba ƙara.
Girgis ya tambayi me ya hana ni cin abinci kwana biyu.
Na ce masa ƙusa na taka.