Gado na Bakwai, Kusa da Taga

Sun karɓe almakashi, sun karɓe igiyar caja,
sun bar mini ke.
Rumasa'u, kwananki ashirin da uku a duniya,
sha ɗaya a nan muka yi su,
ƙarƙashin fankar da ke juyi kamar mai cigiya.

Da a Malumfashi ne, da Inna ta hura wuta tun asuba,
ganyen darbejiya yana tafasa,
ta fyaɗa mini a gadon baya har in kira sunan Allah,
ta miƙo kunun kanwa ta ce, shanye, ban son saura.
A nan ruwan jegona shuɗin bokiti ne.
Sista Morenike ke gwada zafinsa da gwiwar hannu,
ta tsaya bakin ƙofa tana kallon silin
don kada in ce gadina ake yi.
Gadina ake yi. Na sani. Na yafe.

A ɗakinmu na Agege ban gaya wa kowa ba
cewa dare bakwai ban runtsa ba,
cewa kukanki daga nesa yake iso mini
kamar na ɗan maƙwabta,
cewa nakan tsaya a kanki ina ƙirga numfashi
har in manta wace ce mai ƙirgawar.
Matan gida suka ce iska ce ta biyo ni daga Arewa.
Aka yi hayaƙi. Aka wanke allo, na sha.
Ran nan babanki ya rufe rumfar albasa,
ya sa mu a danfo ana tsuga ruwa,
bai ce uffan ba har Yaba,
tafinsa dai yana kan kafaɗata.

Likita ya yi tambaya da Turanci,
wani ɗan Zuru mai goge-goge ya fassara:
wai kina jin muryoyi?
Na ce, wadda nake son ji ce ba ta zuwa.
Da na ce raina ya yi nisa da ni,
yaron ya jingine tsintsiya ya yi shiru,
ya rasa ta inda zai ɗauki maganar.

Uzoamaka ce a gado na shida.
Ba ta jin harshena, ba na jin nata.
Idan maganin dare ya danne ni kamar buhun gero,
ita ke jijjiga gadonki da ƙafa
tana shayar da nata.
Jiya ta nuna ƙirjinta, ta nuna nawa,
ta kaɗa kai. Shi ke nan hirar.

Ranar Juma'a ake ba ni waya.
Inna ta ce gwiwa ba za ta ɗauki kwana da wuni a mota ba.
Ta ce a gari an ce ciwon nono ne,
in bar shi a haka.
Ta aiko da yaji da kanwa ta hannun direban tumatir,
ƙulli a bakin tsohon zanenta.
Sista ta kwance, ta shinshina, ta yi atishawa,
ɗakin duka ya ɗauki dariya.
Ni zanen na riƙe.

Ban warke ba, kada in yi miki ƙarya.
Da safe har yanzu nakan farka kamar baƙuwa a jikina.
Amma ɗazu, jirgin ƙasa yana wucewa,
kika damƙe ɗan yatsana kika ƙi saki,
wani abu ya kama a ƙirjina
kamar ashana a tafin hannu ranar iska.
Ban motsa ba.
Na kāre shi da ɗaya hannun.

Ko arba'in za ta same mu a nan, ban sani ba.
Sista ta turo keken magani.
Bari in sha, in dawo in ɗauke ki.