Dokin Ƙofa

Ranar Asabar, kafin rana ta buɗe,
Sallau ya iso daga Panteka da jakar buhu a kafaɗa:
guduma, kurfi, da ɗan injin yanka
da bai yi mana rana ba, don tun asuba aka ɗauke wuta.
Ya tsuguna a ƙofar gidanmu na Kabala,
ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa
kamar mai tayin kankana.
Ya ce, "Wannan ba na kasuwa ba ne. Wa ya dasa shi?"

Babanmu ne, shekarar da kogi ya kwana a tsakar gida,
ya tafi da tabarmi, da turmi, da akuyar Goggo Tabawa.
Da ruwa ya janye, ya turo guntun ƙarfen nan a kura,
ya gicciya shi a bakin ƙofa, ya ce wa kogin,
"Iyakarka ke nan."

Shekara talatin da huɗu yana kwance.
Doki ne da kowa ya hau, bai taɓa kai kowa ko'ina ba.
Ya cire min farcen babban yatsa sau uku,
ya zubar da kokon Baraka ranar jarrabawa.
In baƙo ya yi tuntuɓe, sai mu ce gida ne ke gaishe shi.
Tsakiyarsa ta yi sulɓi, tana ƙyalli,
tafin ƙafafunmu ne suka goge ta.

Yau wata bakwai ke nan Inna tana kan keke.
Ƙananan tayoyin gaba sukan zo, su dungure shi, su tsaya.
Sai ni da Tanimu mu ɗaga ta cak,
ita kuwa ta runtse ido
har sai mun sauke ta a ɗaya ɓangaren.
Runtse idon nan ne ya sa na kira Sallau.

Kusoshi huɗu, tsatsa ta haɗe su da siminti.
Ya ɗiga musu baƙin mai, ya sha ruwa, ya jira.
Uku suka fito suna ƙara kamar tsohon gado,
na huɗu ya gwammace ya karye.
Sai kurfi, sai guduma,
tsakuwa na tsalle har cikin kwata.
Da ya sa sandar ƙarfe ya banƙara,
dokin ya ɗago da nishi, kyankyasai suka watse.

A ƙarƙashi: anini mai huda, maɓallin riga,
da sawun ƙaramar ƙafa a busasshen siminti,
yatsu biyar, ba wanda ya ɓace.
Inna ta leƙo, bakinta a karkace, maganar na fita da ƙyar:
"Taka ce. An ce kar ka taka, ka taka."
Ta yi dariya da rabin fuska.

Ɗan jari bola ya tsaya da kurarsa, ya ce a ɗora a sikeli.
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ban san me zan yi da shi ba,
yana nan jingine bayan randa.

"In ruwa ya zo fa?" in ji Inna.
Na ce akwai buhunan yashi.
Ta dube ni irin duban da ake yi wa yaro.

Sallau ya kwaɓa siminti, ya yi ɗan gangare,
ya kafa itace don kaji.
Kwana uku bayan nan, da la'asar,
Inna ta tura tayar da hannunta mai lafiya,
ta fita, ido buɗe,
ta tsaya gun mai gasa masara tana ciniki.

Ni ne dai har yanzu,
in na dawo da dare,
ƙafata takan ɗaga da kanta,
ta tsallake abin da babu.