Alhamis a Duluth

Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba,
garin Duluth ya rufe kantuna.
Kowa na gida, talo-talo na cikin tanda,
ni kuwa tun asuba nake kan sitiyari,
ina jan bas ba kowa a ciki
sai ni da ƙorafina.

Tafki ya yi fari fat kamar tsohon faranti.
Wani jirgin dakon tama ya tsaya nesa da gaɓa,
shi ma bai samu hutu ba.
Na ce a raina, wai ranar godiya,
to ni a kan me?
Gwiwar da ke ƙara in na taka birki?
Takardar bashin wuta da ke aljihuna?
Ko abincin da 'yata Solvei ta rufe mini,
wanda zai huce kafin in tashi aiki?

A tasha ta tara tsohuwa ta ɗaga hannu.
Ardis Halvorsen ce, na santa,
jar hular ulu, takalmi ya sha ƙanƙara,
ta rungumo kwano a ƙirji kamar jinjiri.
Taki ɗaya, ta huta.
Taki biyu, ta huta.
Da ta zauna sai ta ce, "Na gode Allah,"
a hankali,
kamar mai gaida maƙwabci ta katanga.

Na ce, "Ai yau ranarta ce."

Ta yi dariya har da ɗan tari.
"Gwamnati ce ta ware rana guda,
ta shafa mata ja a kalanda.
Mai bayarwa bai ware ba.
Ran Litinin ya tashe ni da numfashina,
Talata na sauko bene da ƙafafuna,
Laraba na fasa kabewa na same ta da zaƙi.
Wanda ke ƙwanƙwasa maka ƙofa kullum,
sau ɗaya a shekara za ka amsa masa?"

Gidan tsofaffi za ta, wurin Torvald,
shekara hamsin da ɗaya da aurensu.
Ya manta jiragen da ya yi wa lodi,
ya manta gidan da ya kafa da hannunsa,
yana kiranta da sunan yayarsa
wadda ta daɗe a ƙasa.

"Amma ka ajiye masa abinci ka gani," in ji ta.
"Sai ya sunkuyar da kai, ya haɗa tafuka,
addu'ar ta fito tiryan-tiryan, ba gargada,
yadda uwarsa ta koya masa.
Buhun ya huje, komai ya tsiyaye,
godiya ce kaɗai ta maƙale a gindi.
Shi ke nan ni kuma sai in zauna
ina ƙirga abin da ya zube?"

Ban ce komai ba.
Fitilar hanya ta ba ni hannu,
ban lura ba sai da ta sake yin ja.

Kafin ta sauka ta buɗe kwanon,
ta yanko mini kek ɗin kabewa,
ta naɗe a takarda, da sauran ɗuminsa.
A ƙarshen layi na kashe inji,
na ci da yatsu, ina kallon ƙanƙara
tana sauka a kan motoci da kaburbura
ba ta tambayar na waye.

Yau Juma'a.
Ba ja a kalanda.
Mutane na turereniya a bakin kantuna,
gwiwar tana nan, takardar bashin tana nan.
Na murɗa makulli, inji ya yi tari,
ya yi tari,
ya kama.
Sai na ji bakina ya riga ni,
a hankali,
kamar mai gaida maƙwabci ta katanga.