Ƙugiya

Ruwan Agusta na dukan kwanon shagona a Dilimi,
ƙanƙara na tsalle a bakin ƙofa,
sai ga Baba Tanimu da leda a hammata:
shafi arba'in da bakwai, rubutun biro,
labarin mahaifinsa da ya haƙi kuza a Bukur
tun ana biyan lebura da sule.

"A buga mini," in ji shi, "kafin idona ya gama tafiya."

Kwana uku ina bugawa.
Ran na huɗu tsohuwar kwamfutata ta ce ga garinku nan.
Na kwashe aikin zuwa wadda na sayo a Tamina,
na buɗe, na ga ɓarna.
Duk inda harafi mai ƙugiya yake, akwati ya zauna,
ɗan fili mai kusurwa huɗu, ba kowa ciki,
kamar ramukan da aka bar mana bayan kuza ta ƙare.

Na ce bari in yi wayo.
Na share akwatunan, na sa haruffa tsirara.
Baba ya gyara tabarau, ya matso da kujera.

"Mahaifina ya so kasa."
Ya ɗago kai. "Yaro, ƙasa ya so. Kasa maciji ce."
Ya gangara layi uku.
"Kura ta shiga ƙirjinsa?
Ƙura ce, ɗana, ƙurar rami, shekara tara tana cinsa.
Ai da kura ce da ta yi masa sauƙi,
dare ɗaya ta gama."

Kunya ta rufe ni har wuya.

Na kashe, na kunna. Akwatunan na nan.
Na cire manhajar, na sake ɗora ta,
ta dawo da sabon iyayi:
jan layi ƙarƙashin kowace kalma,
kamar malamin da bai iya yaren ba amma ya riƙe jan biro.
Sunan kakar Baba ma ta mai da shi na Turawa
ba tare da ta tambayi kowa ba.
Ina cikin lallashinta aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu, ya yi shiru.

Kangyang ce ta leƙo, mai gyaran waya a shagon kusa,
gasasshiyar masara a hannu, rabi ta riga ta tafi.
Da wuta ta dawo ta ja linzamin gabanta.
"Ƙugiyarka ba ta ɓace ba," ta ce,
"rigar da aka sa wa haruffan ce ba a ɗinka mata aljihu ba."
Ta sauya salon harafi.
Akwatunan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya,
ƙa ta fito, ɗa ta fito, ɓa ta biyo su tana ɗingishi.
Ta shiga saituna ta gabatar wa madannai da Hausa,
ta karɓe jan biron daga hannun malamin,
ta hana shi gyaran abin da ba a sa shi ba.
"Waɗanda ka tuɓe da hannunka kuwa,
kai za ka bi su ka mayar."
Ta ɗauki masararta ta fita.

Har bayan isha ina bin layi ina rataya ƙugiya.

Da safe firinta ta amayo takardu da ɗumi.
Baba na bin su da yatsa, leɓensa na motsi,
sai ya tsaya a shafi na talatin da ɗaya.
Ɗaya ta kuɓuce mini.
Ya rubuta cewa ranar da Inna ta haife shi
ba a biya albashi ba, mahaifinsa ya shigo ɗakin
ya dube ta, ya ɓata rai.
Takardar kuwa cewa ta yi: ya bata rai.

Na miƙa hannu zan gyara.
Ya riƙe mini wuyan hannu, tafinsa da sanyi.
Ya sake karantawa a hankali, yana raba kalmar biyu.

"Bar wannan," ya ce.
"Shekara saba'in ina neman yadda zan gyara masa ranar nan."