Sunayen da Rauta Ta Riƙe

Datar wata guda na saya ranar Laraba,
ba ta ga Laraba ta biyu ba.
Na ce da Hindatu, akwai ɓera a rumbun nan,
ɓeran da ba ruwansa da dawa.
Ta ce, Baba, ai ba sai an yi cigiya ba,
rautar tana da littafi, kowa ya shiga sai ta rubuta.

Ta kifa akwatin, ta karanto lambobin gindinsa,
ni ina goge tabarau, ita tana dannawa,
janaretan Alhaji Surajo yana ta ruri a maƙwabta.
Sai ga jeri ya fito, kamar sunayen 'yan adashi.

Ga Tekno tawa mai tsagaggen gilashi.
Ga ta uwarsu, wadda ba ta san komai ba sai tafsiri
da hotunan jikoki daga Zariya.
Ga kwamfutar Hindatu. Ga talabijin ɗin falo,
ashe shi ma yana da maƙogwaro, yana zuƙa muna barci.
Ga Aitel ɗin Ɗanliti mai kawo mana ruwa,
ni na ba shi lambar ranar da ruwan sama ya tsare shi a zaure.
Ga wata wai ita Damisar Gwammaja,
ko ba a faɗa ba, yaron mai shayi ne.

Sai yatsan Hindatu ya tsaya.
Ta ce, shi ke nan, Baba, sauran duk tsofaffi ne.
Na ce, ja ƙasa.
Ta ja.

Nazifi Infiniks.

Wata bakwai rabon da a kira sunan nan da ƙarfi a gidan nan,
tun ranar da lissafin shagon Fam Santa ya ƙi haɗuwa.
Dubu ɗari huɗu. Sau uku na ƙirga.
A gaban uwarsa na ce masa
kada ƙafarsa ta sake taka ƙofar nan.
Ya ɗauki jaka, ya mance caja,
har yau tana maƙale a bango, ba mai taɓawa.

Na ce, tsohon rubutu ne, na'ura ba ta iya mantuwa ba.
Hindatu ba ta ce komai ba, ta nuna gefen dama
inda ake sa lokaci:
jiya, ƙarfe ɗaya da kwata na dare.
Shekaranjiya, ɗaya saura.
Daren Juma'a. Daren Talata, daren da aka kwana ana ruwa.

Na san iya inda rautar nan take kaiwa.
Ba ta kai masallaci, ba ta kai shagon mai wanki da guga.
Da ƙyar take haura katangar baya, taku uku,
daidai gindin darbejiya,
inda bulo biyu suke, ƙarƙashin tagar uwarsa.

Na ce, nawa ya sha?
Ta ce, ko hoto ɗaya ba zai buɗe da shi ba.
Minti ashirin yake yi, ya tafi.
Wayar ce ta gane gida ta yi sallama,
mai ita ya yi shiru.

A canja lambar sirrin? in ji Hindatu.
Lambar da shi ya sa da hannunsa,
yana tsaye kan kujera, ina riƙe masa ƙusa.
Na ce, cire talabijin, cire Damisa.
Ta jira.
Na ce, tashi ki duba tukunya.

Bayan isha'i na sauke rautar daga kan firji,
na mai da ita bakin tagar baya.
Aka ɗauke wuta, na jona mata batirin fitila.
Na zauna a duhu, cajar tana aljihuna,
koriyar fitilarta tana ƙifta mini ido.

Ƙarfe ɗaya ta wuce.
Ban buɗe ƙofa ba, magana ce na riga na yi.
Sakatar dai na zare.