Kunya Biyu

A Hull, a bene hawa na uku, tagata na kallon kogin Humber,
ruwa launin kunun da ya kwana.
Gidaje ɗari shida ne a jadawalina,
kowane gida lamba, kowace lamba da yaro mai tari a cikinta.

Farfesa Ackroyd ta ce: kada hannunki ya zaɓa.
Hannu yana da dangi, ido yana da tausayi,
tausayi kuwa a wannan sana'a ɓarawon gaskiya ne.
Sai muka bar wa kwamfuta ƙuri'a.
Na danna. Kafin ƙiftawar ido
ta ɓare unguwa biyu kamar goro:
ɗari uku za a biya musu kuɗin ɗumama ɗaki har sanyi ya wuce,
ɗari uku za mu riƙa zuwa da ma'aunin sanyi da tambayoyi,
mu rubuta, mu tafi.

Na san wannan tun ban san boko ba.
Babana a Dutsin-Ma, in ya sayo sabon taki,
yakan bar kunya biyu a gefe, ko ƙwaya ba ya zuba musu.
Yakan ce: in ban hana waɗannan ba,
ina zan bambanta aikin taki da aikin damina?

Amma gero ba shi da baki.
Gero bai taɓa buɗe mini ƙofa sanye da rigar sanyi uku ba.

Lamba ɗari huɗu da sha bakwai ta buɗe.
Kerry Blenkin, bayan titin Hessle,
danshi ya zana taswira baƙa a bangonta,
ɗanta Reece yana numfashi kamar tsohon zugazugi.
Ta ce: Dot Pashby, bango ɗaya ya raba mu, an ba ta.
Da me ta fi ni?
Na ce: ba ta fi ki da komai ba, ai dalilin ke nan.
Na ji maganar a bakina kamar tsakuwa a shinkafa.
Ta sa hannu a takarda, ta miƙo mini shayi,
ta ce: tura ƙofar nan, ɗumin kuɗi ne.

Janairu ya zo da haƙoransa.
Fabrairu na zauna ƙirga kwanakin asibiti,
sai na ga layin Reece fari fat.
Ko dare ɗaya.
Na koma da zaton kuskuren alƙalami ne.
Kerry ta kalli ƙasa kamar wadda aka kama da sata:
tun Kirsimeti a ɗakin Dot yake kwana,
shi da bargonsa da kifin roba.

Muka bi gida-gida. Arba'in da ɗaya suka yi haka.
Farfesa ta dafe kai, ta ce gwaji ya gurɓata.
Tazarar rukunan biyu ta tsuke,
shekara guda ta aiki ta koma kalma ɗaya: wataƙila.

Wannan ma Baba ya sani.
Ruwan dare ba ya karanta alamar da aka kafa,
yakan kwashi taki daga wannan kunya ya kai waccan,
da safe ba wanda zai amsa laifi.

Ban tuba da ƙuri'a ba, kada a ji ni ba daidai ba.
Inda ba ita, kuɗin na mai babbar murya ne,
da wanda ƙanwarsa ke aiki a ofishin kansila.
Baɗi titi-titi za mu raba, ba gida-gida ba,
maƙwabci da maƙwabci rabonsu ɗaya.
Na rubuta haka a shafi na talatin da biyu, da ƙananan baƙaƙe.

Sunan Dot ba ya cikin rahoto, doka ta hana.
Jiya na wuce ta ƙofarta da jakar tambayoyina.
Kunya biyu ce ashe:
ɗaya Baba ya bari a gefen gona,
ɗaya ni ke ɗauke da ita, duk ƙofar da na ƙwanƙwasa.