Ƙafa Bakwai

Ranar da takarda ta sauko daga ofis
ba mu da abin awo a sashen yara.
Baba Jabbi mai shara ya tuɓe silifa,
ya jera tafin ƙafarsa a kan siminti,
dunduniya na bin yatsa, har bakwai.
Nan gado. Bakwai kuma, nan gado.
Ashirin da biyu suka koma sha ɗaya,
sauran muka tura baranda
muka kewaye da leda da tsofaffin zannuwa.

Ɗakin wasa ya zama ɗakin keɓewa.
Giwar da aka zana a bango tana nan,
tukunyar iska take gadi yanzu.
Motocin roba sun kwana a bokitin magani
har jansu ya koɗe.
'Yar tsanar auduga ba ta wankuwa,
na kulle ta a kabad, fuskarta na kallon bango.

Uwa ɗaya, ɗa ɗaya, in ji doka.
Kakanni da gwaggwanni masu kwanon fura,
waɗanda muke faɗa da su kan tabarma a hanya,
duk sun tsaya a bakin ƙofa.
Wallahi na yi kewar faɗan.

Ba zafin ya fi ci mini rai ba,
ko da yake bazarar Sakkwato cikin rigar leda
sai ki juye gumi daga takalmi
kamar mai zubar da ragowar buta.
Fuska ce.
Modi, ɗan sikila daga Mabera,
mai miƙo mini hannu da kansa in nemi jijiya,
ya gan ni cikin takunkumi da gilashi
ya ƙwalla: "Inna, dodo ya taho!"
Na kira sunansa, muryar ta maƙale a ƙyalle.
Sai na buga ƙarfen gado da biro,
sau uku, yadda na saba.
Ya yi tsit. Ya leƙo ta ƙarƙashin mayafin uwarsa.
"Sista Luba ta," ya ce, "ta ɓoye."

Ubansa baduku ne.
Bayan la'asar yakan tsaya gindin dogonyaro,
ya matso, ya ɗora tafi a kan taga,
Modi ya ɗora nasa daga ciki.
Na ciki mukan goge, dole ne.
Na waje Baba Jabbi ya ce bai gani ba.

Akwai daren da wuta ta ɗauke,
janareta ya yi tari sau biyu kafin ya tashi.
Tsakanin tarin nan biyu
na matsa jakar iska a bakin Kulu
ina lissafi, ina salati, ina lissafi.
Ta kai asuba. Ba ta kai azahar ba.

Akwai kuma waɗanda ba su zo ba,
katin rigakafinsu na kwance a aljihun tebur,
iyaye na tsoron ƙofar asibiti.
Su ma nakan ƙirga su idan na zaga.

Yau kwana huɗu Baba Jabbi bai shigo ba.
An ce yana can ɓangaren manya,
an sa masa robar iska a hanci.
Da safe aka kawo sabon gado.
Na tsaya inda yake tsayawa,
na jera ƙafata har bakwai,
na duba, bai kai ba.
Tawa ƙarama ce.
Na ƙara ɗaya.